Tsakanin kara da amana: hukuncin malami a kan ɗalibin likitanci

A shekara ta 931, wadda ta yi daidai da ta 319 bayan Hijira, labari ya kai wa Halifa al-Muƙtadir a Bagadaza cewa wani talaka ya mutu sanadiyyar kuskuren mai magani. Halifa ya ba da umarni a hana kowa taɓa mara lafiya sai wanda babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, ya jarraba ya ba shi takardar izini. Marubutan tarihi sun ce waɗanda suka gurfana gaban Sinanu sun haura 860, ban da mashahuran da sunansu ya isar musu da masu yi wa fada aiki.

Al-Ƙifɗi, wanda ya rubuta tarihin masana a ƙarni na 13, ya kawo wani abin da ya faru a wannan zama. Wani dattijo ya shigo da kyakkyawar shiga da kwarjini, har Sinanu ya girmama shi, ya tambaye shi a gun wa ya yi karatu. Sai dattijon ya zaro ƙunshin dinarai daga hannun riga ya ajiye, ya ce shi kam bai iya karatu da rubutu sosai ba, amma yana da iyali, kuma da wannan sana'a yake ciyar da su, yana roƙo kar a toshe masa hanyar abinci. Sinanu ya yi dariya, ya ce ya yarda, bisa sharaɗin kar ya yi wa majinyaci abin da bai sani ba, kar ya tsaga jijiya, kar ya ba da maganin wankin ciki sai a ƙananan cututtuka. Dattijon ya ce ai tun da yake bai taɓa wuce haɗin zuma da ruwan khal da ruwan wardi mai zaƙi ba. Kashegari wani saurayi mai fasahar baki ya zo, aka tambaye shi malaminsa, ya ce mahaifinsa ne, dattijon jiya. Sinanu ya tambaye shi ko a kan tafarkin tsohon yake, ya ce i, sai aka ce masa kar ya ƙetare shi.

Ana ba da wannan labari don nishaɗi, amma tambayar da ke cikinsa ba ta dariya ba ce. An naɗa Sinanu ne saboda rai ya salwanta, sai ga shi ya saki jahili da izini a hannu. Adalci ya yi, ko kuwa kara ce ya yi wa furfura da dukiyar da ba tasa ba?

Duk malamin da ya taɓa riƙe jan alƙalami ya san wannan tsaka mai wuya. Takarda ta tsaya a maki 9 bisa 20, yaron kuwa maraya ne, ko mai ƙoƙari, ko ɗan maƙwabci, sai hannu ya ƙara masa ɗaya ba tare da zuciya ta yi wani dogon bincike ba. A darasin nahawu ko na labarin ƙasa, illar wannan sassauci ba ta cika wuce kan yaron ba, kuma sau da yawa shekara mai zuwa takan gyara abin da bana ta bari. A makarantar likitanci lissafin ya sha bamban, domin akwai mutum na uku cikin al'amarin wanda ba ya cikin ɗakin jarrabawa, ba a ma san sunansa ba tukuna: macen da za ta zo da naƙuda mai tsawo bayan shekara biyar, ko jaririn da zazzaɓin cizon sauro zai sa shi jijjiga da tsakar dare a wani ƙauyen da ba likita sai wannan ɗalibin na yau. Ɗalibi yana da fuska da murya da hawaye, yana iya roƙo. Majinyacin gobe ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa tausayi, in an bar shi da halinsa, kullum yakan karkata ga wanda ke tsaye a gaban ido.

Wannan ba zargi ba ne da aka ƙaga. A 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Otawa ta Kanada, Nancy Dudek da abokan aikinta, sun tattauna da likitoci 21 masu kula da ɗalibai a asibiti, don su gane dalilin da ya sa malami ke ganin ɗalibi bai isa ba amma ya rubuta cewa ya isa. Malaman sun nuna suna gane mai rauni sarai. Abin da ke ɗaure musu hannu shi ne ba su ajiye rubutacciyar shaida ba, wasu ba su san ma abin da ya kamata su rubuta ba, suna kuma gudun wahalar ɗaukaka ƙara, sannan ba su ga wata hanyar taimakon ɗalibin ba idan sun kayar da shi. Ke nan kowa ya sa hannu ya tura matsalar gaba, yana fatan malami na gaba zai yi abin da shi ya kasa. Na gaban kuwa ya duba takarda ya ga duk waɗanda suka gabace shi sun yarda, sai ya ce shi wane ne da zai zama saniyar ware.

Bahaushe yana da sunaye masu daraja ga wannan hali. Yakan kira shi kara, ko kawaici, ko rufin asiri, kuma ba a banza ya ɗaukaka su ba, domin su ne ke sa a zauna gida ɗaya shekara da shekaru ba tare da an ci fuskar juna ba. Anthony Kirk-Greene, a ƴar muƙalarsa ta 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa kunya da mutunci cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su, amma a jerin nan guda akwai gaskiya da amana da adalci. Matsalar ita ce halayen kirki ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba. Kara tana da kyau matuƙar mai yin ta shi ne zai ɗauki asarar: mutum ya yafe bashinsa, ya kau da kai daga laifin da aka yi masa. Idan kuwa wani ne zai biya, kuma ba a shawarce shi ba, ta tashi daga kara ta koma kyauta da kayan mutane. Sa hannun malami a littafin horon ɗalibi shaida ce yake bayarwa ga jama'ar da ba za su iya jarraba likita da kansu ba, shaidar zur kuwa ba ta zama halal don an yi ta da taushin zuciya.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. A ƙasa kamar Nijar, inda ba a kai likita guda ga mutum dubu 10 ba, ana iya cewa likita mai rauni ya fi babu. Ɗalibin da ya kai aji na shida ya riga ya ci kuɗin gwamnati da gumin iyaye, wataƙila an sayar da gona ko bisashe dominsa, kuma garin da za a tura shi, in bai je ba, mai tallar ƙwayoyi a kan keke ne zai ci gaba da zama likitansu. Wanda ke faɗin haka ba mugu ba ne, yana duban wani majinyacin ne daban, wanda rashin likita gaba ɗaya zai kashe. A nan ne hukuncin Sinanu ya cancanci a sake dubansa. Bai ce dattijon ya ci jarrabawa ba, bai kuma kore shi ba. Iyaka ya shata masa. Abin da ya sa ya aminta da shi kuwa ba ilminsa ba ne, tunda babu shi. Tsohon ya san inda saninsa ya tsaya, ya kuma faɗa da bakinsa. Mai ba da ruwan zuma wanda ya san ruwan zuma yake bayarwa bai kai haɗarin mai rabin ilmi da ke jin ya gama sani ba. Sai dai takardar digirin zamani ba ta da irin wannan iyaka a rubuce. Wanda aka ba ita an ba shi wuƙa da allura da ikon rubuta kowane magani, shi ya sa sassaucin da ya yi wa Sinanu daidai ba zai yi wa kwamitin jarrabawa na yau daidai ba, sai fa in an tabbatar cewa ɗalibin, duk da raunin da ke gare shi, yana da halin dattijon nan na cewa wannan ya fi ƙarfina, a kai shi gaba.

Bincike ya ƙarfafa wannan fahimta ta wata fuska. A 2005 Maxine Papadakis da abokan aikinta suka bi sawun likitoci 235 da hukumomin kula da aikin likita a Amurka suka hukunta, suka koma ga takardunsu na ɗalibta a makarantu uku, suka gwada su da na likitoci 469 da ba a hukunta ba. Sun tarar cewa alamar rashin ɗa'ar aiki tun a makaranta ta ninka yiwuwar hukunci sau uku. Halaye biyu ne suka fi fitowa fili: rashin riƙon alhaki, da kasa karɓar gyara. Ƙarancin maki a jarrabawar rubutu ma yana da alaƙa da abin, amma alaƙarsa ba ta kai wannan ƙarfi ba. Wato dai abin da ya fi nuna likitan da zai cutar da mutane gobe shi ne abin da malamai suka fi jin nauyin rubutawa yau, domin ya fi sauƙi a ce wa ɗalibi ya manta sunan jijiya da a ce masa ba ya zuwa a kan lokaci kuma ba ya jin magana.

To amma wanda ya tsaya a nan ya ɗauki rabin gaskiya, kuma rabin da ya fi daɗi ga masu zafin hali. A asibitocin koyarwa na duniya akwai wata tsohuwar al'ada ta koyarwa da kunyatarwa. Babban likita yana zagayen safe, ɗalibai na biye da shi, ya tsaya a bakin gado ya jefa wa ɗaya tambaya, in ya amsa ya ƙara masa wata, har sai ya kai shi inda zai yi shiru, sannan ya tozarta shi gaban ƴan uwansa da ma'aikatan jinya da majinyacin kansa. Henry Silver, likitan yara a Amurka, ya rubuta a 1982 cewa yadda ɗalibai ke shigowa da fara'a su koma masu tsoro da ƙunci yana tuna masa yaran da ake gallaza wa. A 2004 Heidi Lempp da Clive Seale suka tattauna da ɗalibai 36 a wata makarantar likitanci ta Birtaniya, da yawansu suka ba da labarin wulaƙancin da suka sha ko suka gani a lokacin koyarwa. Masu wannan hali sukan kare kansu da hujjar da aka kawo a sama: rai ne a hannu, gara ɗalibi ya yi kuka yau da uwa ta yi kuka gobe.

Hujjar tana da kamar ƙarfi, amma ba ta kai inda suke so ta kai ba. Ɗalibin da aka tozarta don bai san amsa ba, darasin da yake ɗauka shi ne kar a sake kama shi bai sani ba, wanda kuma ba daidai yake da ya je ya sani ba. Zai koyi tsayawa a bayan layi, da amsa mai harshen damo, da rubuta cewa ya auna abin da bai auna ba. Ranar da ya zama likita shi kaɗai da dare, majinyaci na zubar da jini, wannan tsoro ne zai hana shi ɗaga waya ya tashi babbansa daga barci. Tozartawa ke nan tana kashe ainihin halin da ya sa aka aminta da dattijon Bagadaza. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara sakamakon bincike masu yawa kan tasirin faɗa wa mutum yadda aikinsa yake, suka ga cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya yi maimakon ya gyaru, kuma abin yakan fi muni idan maganar ta janye hankalin mutum daga aikin ta mai da shi kan kansa. Malaman Musulunci sun riga sun bambance waɗannan abubuwa biyu tun da daɗewa, har Ibnu Rajab, wanda ya rasu a 1393, ya keɓe wa bambancin nasiha da aibatawa ɗan littafi guda. Bahaushe ma da ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya san akwai masu faɗin na farko da muryar na biyu.

Ke nan mai kara da mai tozartawa, duk da kamar gabas da yamma suke, laifinsu ɗaya: kowanensu ya hana ɗalibi bayanin da zai gyara aikinsa da shi. Na farko ya ce "ba laifi, ci gaba", na biyu ya ce "kai ba ka da amfani", ɗalibin ya fita bai san a wane gefen ciki ya kamata ya fara latsawa ba. Jack Ende, a wata muƙala ta 1983 da har yanzu ake komawa gare ta, ya kawo wani ma'auni da zai burge malaman harshe. Ya nuna cewa gyara ana gina ta da sunaye da aikatau, hukunci kuwa cike yake da siffofi da bayanau. "Ba ka tambaye ta ranar jininta na ƙarshe ba kafin ka rubuta maganin" magana ce ta aikatau, ana iya gyara ta gobe da safe. "Kai sakarai ne" siffa ce, ba abin da mutum zai yi da ita sai ya ƙi ta ko ya haɗiye ta. Amma jimla ta farko tana da tsada, domin ba mai iya faɗin ta sai wanda ya tsaya ya kalli ɗalibin yana aiki. Yabo na gaba ɗaya da zagi na gaba ɗaya duka suna da arha, kuma sau da yawa alama ce ta malamin da bai duba ba.

Masu gyaran tsari sun yi ƙoƙarin fitar da hukunci daga hannun halin mutum ɗaya. A tsohuwar jarrabawar asibiti, akan bar ɗalibi da majinyaci guda na wani lokaci ba mai kallonsa, sannan ya zo ya yi bayani gaban malamai. Sa'arsa ta dogara ga irin cutar da ta faɗo masa da irin malamin da ya samu. A 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sikotilan suka bayyana wata jarrabawa ta zango-zango: ɗalibi yana bin ɗakuna da yawa, kowane ɗaki mintoci kaɗan, nan ya ɗauki tarihin ciwo, can ya auna ƙirji, gaba ya fassara hoton ƙashi, kowa da kowa ya bi ta zango iri ɗaya, mai dubawa na riƙe da jerin abubuwan da ake so a gani. A wasu zangunan ma ba majinyaci na gaske ba ne, mutum ne da aka horar ya kwaikwayi ciwo, dabarar da Howard Barrows ya fara a Kalifoniya a 1963. Faransa, wadda makarantun likitancin yankin nan suka gaji tsarinta, ta shigar da wannan jarrabawa, da take kira ECOS, cikin tantancewar ƙasa a watan Mayu na 2024, da zango 10, tana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na makin da ake jera ɗalibai da shi.

Ribar wannan a fili take. Ɗan talaka da ɗan babban likita sun bi ƙofa ɗaya, kuma malami mai kara ya samu takardar da zai jingina da ita ya faɗi gaskiya. Sai dai jerin abubuwa yana auna abin da ake iya jerawa ne kawai. Ɗalibi mai wayo yana iya haddace gaisuwa da wanke hannu da jimlar jajantawa, ya zuba su cikin mintoci bakwai, ya cika maki. George Miller ya tsara a 1990 matakai huɗu na ƙwarewa: sani, da sanin yadda ake yi, da nunawa, da aikatawa. Jarrabawar zango tana tsayawa a mataki na uku. Abin da mutum ke yi da ƙarfe uku na dare, ba mai kallo, ga gajiya, ga ɗan rakiya mai faɗa, ba ta ganinsa. Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Ɗalibi yana karatu da Faransanci, a jarraba shi da Faransanci, alhali tsohuwar da ke gabansa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci za ta ce masa wani abu na yi mata yawo a ciki, ko ta ce zaƙi ne ko shawara. Wanda ya iya bayyana ciwon suga gaban farfesa amma bai iya sa manomi ya gane dalilin shan magani kullum ba, an auna rabin likita ne aka ba shi cikakkiyar takarda.

Wata wahalar kuma ba ta da magani mai sauƙi. Ana son malami ya zama mai nasiha wanda ɗalibi zai buɗe wa rauninsa, a kuma lokaci guda ya zama alƙalin da zai yanke masa hukunci. Ba mai hankalin da zai nuna wa alƙali gyambonsa. Wasu makarantu sun raba ayyukan biyu: mai ba da shawara daban, kwamitin hukunci daban, kwamitin kuma yana duba tarin ƙananan shaidu daga malamai da yawa maimakon ya rataya makomar mutum a kan yini guda. A Amurka, tun watan Janairu na 2022, jarrabawar farko ta lasisin likita ta daina ba da maki, sai dai ci ko faɗuwa, don rage tseren lambobi. Makarantar allo ta san wani abu makamancin haka ba tare da ta rubuta shi ba. Almajiri ba ya wanke allo sai malam ya ji biyawarsa, kuskure kuwa ana gyara shi nan take, yau da gobe da jibi, ta yadda ranar sauka ba ta zo wa kowa da mamaki. Haka ma yaron wanzami ko na maɗori: ubangidansa na gari ɗaya da shi, in ya yaye shi da wuri ya yi ɓarna, sunan ubangidan ne za a kira a kasuwa. A jami'a sa hannu ya rarrabu tsakanin mutum talatin, har ya zama ba wanda yake jin nasa ne ya ba da izinin.

Idan aka bi wannan zance zuwa ƙarshensa, za a ga cewa zalunci mafi girma da ake yi wa ɗalibi mai rauni ba ranar da aka kayar da shi ake yin sa ba. An yi shi ne a aji na uku da na huɗu, lokacin da kowa ya gani ya yi shiru, aka bar shi ya zuba shekarunsa, sannan a aji na ƙarshe wani ya faɗa masa abin da ya kamata ya ji tun icce yana ɗanye. A wannan lokaci kam kwamiti ba shi da zaɓi mai kyau: ko ya rusa rayuwar saurayi da fatan danginsa, ko ya saki haɗari cikin jama'a. Malamin da ya faɗi gyara da wuri, a keɓe, da sunan aikin da aka yi ba daidai ba, ya rubuta ta, ya kuma dawo bayan mako biyu ya sake dubawa, shi ne kaɗai yake da bakin cewa a'a daga baya. Kuma akwai ɗaliban da za a yi wa duk wannan amma ba su gyaru ba. Haƙƙinsu a kan makaranta shi ne a faɗa musu tun suna da sauran shekarun sake hanya, a kuma lissafa musu abin da suka riga suka karanta idan za su koma wani fannin lafiya ko na kimiyya, kar su fita hannu rabbana da takardar bakaloriya kaɗai bayan shekara biyar ko shida.